Amsoshin Tambayoyinku: Fitilar allo ta kama, amma kwamfuta ba ta gan shi ba

Mai gabatarwa: To jama'a, saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jiranmu. Wani daga Damagaram yana tambaya ko sai an biya kuɗi kafin a samu Arduino IDE, manhajar da ake rubuta umarni da ita a loda wa ƙananan allunan lantarki. Kyauta ce, malam, ka sauke daga shafin Arduino. Mun wuce.

Wannan kuwa mutane da yawa suka aiko da irinta, sai na ɗauki ta wata ɗaliba daga Zariya. Ta ce: "Na jona allon ESP32 da kwamfutata, jar fitilarsa ta kama, amma idan na shiga Tools a Arduino IDE, wurin Port, inda ake zaɓar allon, ya dushe, ba ya dannuwa. Ko allon ya ƙone ne?" Injiniya, bismillah.

Injiniya: Da wuya a ce ya ƙone. Fitilar nan abu ɗaya take faɗa, wato wuta ta shiga, volt 5 ɗin nan na USB. Cikakken kebul yana da siraran wayoyi 4 a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Wanda ke zuwa da fitilar caji ko ƙaramar fanka, sau da yawa wayoyin wuta kawai aka sa masa. Zai kunna allo sarai, amma ko harafi ɗaya ba zai kai ba. Gwajin ba wuya: ki jona wayar salula da kebul ɗin. Idan kwamfuta ta ga wayar, har ana iya buɗe hotunan ciki, kebul lafiya lau. Idan caji kawai take yi, a nemo wani.

Mai gabatarwa: A sake ji da kyau. Kamawar fitila ba shaida ba ce. A fara canja kebul. Ku da ke kwaso na ƙasan jaka, wanda ya sha lanƙwasa, da ku ake.

Injiniya: Idan kebul ya ci gwaji, sai a buɗe Device Manager a Windows, a zare allon, a sake jonawa, ido na kan jerin. Idan wani abu ya fito a ƙarƙashin Ports, ga lambar COM a gefensa, wato lambar da Windows ta ba allon, an gama. Idan ya fito da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, to direba ce babu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon. Ki juya allon zuwa haske, kusa da bakin USB akwai ɗan ƙaramin ayisi baƙi, ki karanta abin da aka rubuta a kansa. Yawanci CP2102 ne ko CH340. Shi ne tafinta tsakanin kwamfuta da allon. Shi CH340 ɗin nan wani kamfani ne a birnin Nanjing na ƙasar Sin, WCH, yake yin sa, kuma arharsa ce ta sa kwafin allon Arduino Uno da ke kasuwa suka koma gare shi, alhali Uno na asali ATmega16U2 yake amfani da shi, wanda shi kansa ƙaramar kwamfuta ce da ake iya…

Mai gabatarwa: Injiniya, a dawo Zariya.

Injiniya: To, to. CP2102 direbarsa tana shafin Silicon Labs, ta CH340 tana shafin WCH. Don Allah a daina saukewa daga duk shafin da ya fara fitowa, nan ake kwaso cuta. Bayan an saka, a rufe Arduino IDE a sake buɗewa. In lambobin COM sun yi yawa, a zare allon, wadda ta ɓace ita ce taki.

Mai gabatarwa: Kebul, sannan direba, sannan lambar COM. A jere haka. Wani daga Kumasi ya ce shi ba Windows ba, Ubuntu 22.04 gare shi, allon ya bayyana, cikin daƙiƙa ya ɓace.

Injiniya: Wannan aikin brltty ne, manhajar da ke kula da na'urar rubutun makafi. Tana ɗaukar CH340 a matsayin na'urarta, sai ta ƙwace shi. In ba ka amfani da ita, ka cire ta. Sannan ka sa sunanka a rukunin dialout, ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba za ka ga ttyUSB0, sunan da Ubuntu ke ba allon, amma a hana ka taɓa shi.

Mai gabatarwa: Wani kuma ya ce nasa ana ganinsa, amma lodin umarni zuwa allon ya tsaya a Connecting, sai ɗigo-ɗigo.

Injiniya: Ya danne maɓallin BOOT da ke kan allon da zarar ɗigon sun fara, ya saki idan lodi ya kama. In ya gaji da dannawa, kafasita mai microfarad 10 tsakanin ƙafafun EN da GND na allon takan magance. Ni dai na fi son hakan.

Mai gabatarwa: Mai cewa Windows ta rubuta masa an hana shi shiga COM, rufe manhajar Thonny ko duk wata manhajar da ta riƙe allon, biyu ba sa riƙe shi lokaci guda. Mai kwafin allon Arduino Nano, a Processor da ke cikin Tools ka gwada Old Bootloader. Mai allon Raspberry Pi Pico, ka danne maɓallin BOOTSEL kafin ka jona, zai fito kamar filashi mai suna RPI-RP2. Ana ɗaga mana hannu daga ɗakin injin, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa.