Me ke tayar da ciwon sikila a cikin ƙwayar jini?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da zan ɗauka yau gajera ce. Himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwayar jini, na mai sikila ba ya canzawa daga jiya zuwa yau, to me ya sa ciwon ke tashi wata rana, wata rana kuma ya kwanta?

Bari mu fara daga tushe. Sinadari guda ne ya raba himoglobin S, wato na mai sikila, da na lafiyayye: a gurbi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga sarƙoƙin da suka haɗu suka yi himoglobin, sinadarin falin ya zauna inda sinadarin gulutamik asid yake zama. Vernon Ingram ne ya tabbatar da haka a 1957. Shi falin ba ya jituwa da ruwa, kullum neman maɓuya yake. Da zarar himoglobin ya saki iskar oksijin, siffarsa ta sauya, sai falin ɗin wannan ya sami ɗan gurbi a jikin na kusa da shi ya maƙale. Haka za su yi ta liƙewa har su zama dogon zare mai silili 14 a murɗe. Wannan zaren ne ke sandarar da jar ƙwayar jini, ya lanƙwasa ta kamar lauje.

To ku saurara da kyau a nan, don nan ne maganar take. Zaren ba ya haɗuwa nan take, akwai ɗan jinkiri kafin ya soma. Ita kuwa ƙwayar, daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka take yi a cikin siririyar jijiya. In ta fice kafin zaren ya kama, ta sha. In ya riga ta, ta toshe hanya, ciwo ya tashi. A 1974 Hofrichter da Ross da Eaton a Amurka suka auna wannan jinkiri, suka ga kaurin himoglobin a cikin ƙwayar ne ke juya shi, kuma juyawa mai ban tsoro. Bisa lissafinsu, in kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal, jinkirin na iya gajarcewa kusan ninki 17.

Ashe kenan ruwan da ke cikin ƙwayar shi ne ran wannan jinkiri. A kowane mililita 100 na cikinta akwai himoglobin wajen giram 34, alhali himoglobin S da ya saki oksijin ba ya zama a narke sama da giram 17. Tun farko ma an ninka masa abin da zai iya ɗauka. Sai kuma kowace lanƙwasa ta bar kalsiyum ya kutsa ciki, ya buɗe wata kafa da ake kira kafar Gardos, fotasiyum ya zube waje, ruwa ya bi shi. Ƙwayar ta ƙara bushewa, ta ƙara kauri, zagaye na gaba ta fi saurin sandarewa. Shi ya sa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ta lafiyayye kuwa tana kai 120.

Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar, 2,3-DPG, aikinsa sa himoglobin ya saki oksijin da wuri. Duk mai ƙarancin jini, jikinsa na ƙara shi don tsoka ta samu iska. Ga mai sikila kuwa, gyaran gangar auzinawa ne, domin sakin oksijin ɗin shi ke haifar da zaren. Tsamin jini da zazzaɓi ma haka suke yi.

Abin da ke taka birki shi ne himoglobin F, na jarirai, wanda ba ya shiga cikin zaren. Likita Janet Watson ta lura da kariyar da jarirai ke samu tun 1948, kuma da wuya ciwon ya bayyana kafin wajen wata 6 da haihuwa. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi ga manya a 1998, ƙara himoglobin F yake yi.

Wani zai ce, to mai AS fa? Himoglobin S ɗinsa bai kai rabi ba, jinkirin nasa dogo ne, ƙwayoyinsa na wucewa lafiya. Sai dai a can tsakiyar ƙoda oksijin kaɗan ne, ga tsami, ga gishirin da ke tsotse ruwan ƙwayar. A nan ko jinin mai AS yakan lanƙwashe, shi ya sa wani lokaci yake ganin jini a fitsarinsa.