Zaman wucin gadi da ya haura shekara 30 a majalisar Kanada

Jama'a masu sauraro, a zaɓen Kanada na 2025 jam'iyyar Bloc Québécois ta sake komawa majalisar tarayya da kujeru 22. An kafa ta ne don ta fitar da lardin Quebec, inda akasarin jama'a ke magana da Faransanci, daga Kanada, amma yau sama da shekara 30 tana zaune daram a majalisar ƙasar da take cewa za ta bari.

A 1990, lokacin da yarjejeniyar Meech Lake, wadda za ta ba Quebec matsayi na musamman, ke gab da rushewa, Lucien Bouchard ya ajiye muƙaminsa na minista a gwamnatin firaministan Kanada na lokacin, Brian Mulroney. Ya tattara wasu 'yan majalisar lardin da suka fice daga jam'iyyunsu, suka kafa nasu rukunin. Cewa suka yi zaman na ɗan lokaci ne, da zarar an samu 'yanci za su tattara komatsansu.

A 1993 suka kwashe kujeru 54 daga cikin 75 na Quebec, har suka zama babbar jam'iyyar adawa ta ƙasa baki ɗaya. Masu neman raba ƙasa su ne jagoran adawarta! A 1995 aka yi zaɓen raba gardama, masu son ɓallewa suka samu sama da kashi 49 cikin 100, suka faɗi da ƙyar. Bouchard ya koma gida ya zama firimiyan lardi. Jam'iyyar kuwa? Ko gezau.

Magoya bayanta na cewa ita ce garkuwar harshen Faransanci. Haba! Dokar da ta ɗora Faransanci a makarantu da wuraren aiki, majalisar lardin ce ta zartar da ita tun 1977, babu Bloc a duniya. Na yarda cewa idan gwamnati ba ta da rinjaye, ƙuri'unsu kan yi tsada, su ɗan tsinto wa lardinsu wani abu. Kuma jama'a ne ke zaɓensu, ba wanda ya isa ya hana.

To amma a Quebec kaɗai suke tsayar da 'yan takara, a majalisa mai kujeru 343. Ba za su taɓa kafa gwamnati ba, sun kuma san haka. Ba za su tsara kasafin kuɗi ba, ba za a tuhume su kan tsadar gidaje ba, ba za su ɗauki alhakin komai ba. Laifi kullum na Ottawa ne, babban birnin ƙasar inda gwamnatin tarayya take, albashi kuma daga Ottawa yake fitowa. Wace jam'iyya ce za ta so barin irin wannan inuwar?

A 2011 masu zaɓe suka kassara su, kujeru 4 kacal suka rage, aka ce an gama. A 2019 suka dawo da 32 ƙarƙashin Yves-François Blanchet. Har yau dai zaman na wucin gadi ne, in ji su. Sai yaushe ke nan?