Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Hoton Garke da Mutanen Karkara

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani matashi ce a Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina. Ya ce duk sanda ya je ƙauyen kakanninsa ya ɗaga waya, sai mutane su ƙame kamar masu hoton katin zaɓe, awaki kuma su watse. Yaya zai yi?

To ƙanena, gaggawa ce ta yi maka yawa. Ka bar wayar a aljihu tukuna. Ka gaida dattawa, ka zauna, in an miƙo fura ka sha. Ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Wannan ina jaddada shi, domin a halin da jiharmu ke ciki na satar shanu, baƙon da ke ɗaukar garke a ɓoye zai jawo wa kansa zargi, kuma mai shanu yana da gaskiya. Matan aure kuwa, sai da yardarsu da ta mai gida.

In an amince, kada ka ce wa kowa ya tsaya ko ya yi murmushi. Mai tatsa ya ci gaba da tatsa, mai ɗaura wa shanun huɗa garma ya yi aikinsa. Can za su manta da kai, a nan hoton yake. Dabba kuma ka durƙusa daidai idonta, ka rage motsi, ka kashe filasha. Saniya mai sabon maraƙi, kada ka matse ta.

Sai wata baiwar Allah daga Daura, wadda ta ce ta ɗauki fararen shanu a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, suka fito fari fat, ba a ko ganin tozo.

Hajiya, Bunaji ke nan, farin gashinsu yana mayar da hasken rana, musamman da azahar. Ki je da hantsi, ko ki jira la'asar sakaliya. Ki taɓa jikin saniyar a fuskar wayar, ki ja hasken ƙasa kaɗan. Ni dai na fi son lokacin hunturu, in garke ya taso daga mashaya, ƙura ta tashi, balbelu na biye. Ki riƙa goge idon kyamarar, ƙurar kara ba ta da wuyar rufe shi.