Yarinyar da ta datse ƙofa

Masu saurare, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan wani fim ne da tashar Disney ta fitar a shekarar 2000, The Color of Friendship, wato launin abota. An gina shi kan abin da ya faru a gidan Ron Dellums, baƙar fata ɗan majalisar dokokin Amurka.

Shekarar 1977 ce. Iyalin Dellums sun amince su karɓi ɗaliba daga Afirka ta Kudu, 'yarsu Piper tana ta ɗokin ganin 'yar'uwa baƙa. Sai ga Mahree, farar fata, 'yar ɗan sanda. Ita ma gidan Turawa ta zaci za ta sauka, domin a ƙasarsu baƙar fata ba ya shiga majalisa. Suna isa gida ta shige ɗaki ta datse ƙofa.

Wannan ƙofar ta daɗe tana tsaya mini a rai. Yarinyar ba da ƙiyayya aka haife ta ba, a nono ta sha. Tun 1950 doka ta raba unguwanni bisa launin fata a Afirka ta Kudu, a 1953 ta ware wa baƙaƙe nasu ilimin. Baƙar matar da ta fi shaƙuwa da ita, Flora, mai aikin gidansu ce.

Sannu a hankali yaran suka saba, har suka zama aminai. Sai labari ya zo cewa Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya rasu a hannun 'yan sanda, ranar 12 ga Satumba. Mahree ta kira shi ɗan ta'adda, kamar yadda ta saba ji a gida, ran Piper ya ɓaci matuƙa. A nan fim ɗin ya burge ni, domin bai nuna cewa cin abinci tare da dariya sun isa wanke abin da iyaye suka cusa ba.

Amma kada daɗin labari ya rufe mana ido. Abota ta buɗe idon yarinya guda, dokar kuwa tana nan daram. Sai da ɗaliban Soweto, unguwar baƙaƙen fata a gefen Johannesburg, suka zubar da jini a 1976, sai da Dellums ya shafe shekaru yana fafutuka kafin majalisar Amurka ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi a 1986, duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na ƙi.

Da Mahree ta koma gida, a ɓoye ta nuna wa Flora tutar 'yan gwagwarmaya da aka ɗinke a cikin rigarta. Irin su Flora kuwa sai da suka ƙara jiran shekara 17 kafin su kaɗa ƙuri'a, a Afrilun 1994.