Eagle: Mujallar Yaran Ingila da Wani Limamin Coci Ya Kafa

Jama'a, ku hasko wannan bangon mujalla a zuciyarku: jar tuta a sama, ga gaggafa ta buɗe fukafukai, ga jirgin sararin samaniya yana tashi. Mujallar Eagle ke nan, fitowar farko, ranar 14 ga Afrilu, 1950. Kwabo uku ake sayar da ita, kuma an sayar da kwafi kusan 900,000.

Wanda ya kafa ta limamin cocin Anglican ne a garin Southport, sunansa Marcus Morris. Abin da ya dame shi shi ne mujallun zane na ban tsoro da ke shigowa daga Amurka, cike da kisa da jini, yara suna rububinsu. A 1949 ya yi rubutu a jarida yana sukarsu. Amma ya san hani kaɗai ba ya raba yaro da abin da yake so, sai an miƙa masa wanda ya fi shi daɗi.

Sai ya haɗa kai da wani mai zane, Frank Hampson. Suka yi samfuri, Morris ya riƙa yawo da shi ofis-ofis a Landan ga bashi a wuya, har kamfanin Hulton Press ya karɓa.

Jarumin mujallar shi ne Dan Dare, matuƙin jirgin sararin samaniya. Da fari limamin sojoji aka so ya zama, daga baya aka cire masa rigar limanci. A labarin farko abinci ya yi ƙaranci a duniya, aka tura shi Zara, matar wata, neman mafita. Ku tuna, a lokacin Ingila na kan rabon abinci da kati tun daga yaƙin duniya na biyu, har alewa ma sai da kati. A can ya haɗu da Mekon, wani koren halitta mai ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, yana shawagi a kan kujera.

Aikin Hampson kuwa ba wasa ba ne. A wani tsohon gidan burodi ya tara masu zane. Sai sun ƙera ƙananan jirage da hannu, su sa mutane su saka kayan jaruman a ɗauki hotonsu, sannan a zana. Duk mako haka, har lafiyarsa ta taɓu. A tsakiyar mujallar kuma akwai zanen jirgin ƙasa ko na ruwa an yanka shi biyu, yaro ya ga yadda injin ke aiki. Wa'azin yana shafin baya, inda aka fara da tarihin Manzo Bulus na Littafi Mai Tsarki. A ganina wannan ce dabarar Morris: sai yaro ya ƙoshi da labari kafin ya iso wurin.

A 1959 aka sayar da kamfanin Hulton Press ga wani kamfanin ɗab'i, Odhams. Morris ya tafi, Hampson ma ya bar Dan Dare. Sababbin masu gida suka rage kashe kuɗi, masu saye suka ragu, a 1969 aka haɗe Eagle da mujallar Lion. An farfaɗo da ita daga 1982 zuwa 1994.

Hampson dai bai mallaki Dan Dare ba, haƙƙin mallaka na kamfani ne. Ya koma zanen littattafan yara na Ladybird, ya rasu a 1985.