Darasin Gini: Yadda Ƙugiyar Dogayen Benaye Take Tsayuwa

Assalamu alaikum masu saurare, magina da ƴan koyo na Maradi da kewaye, barkanmu da warhaka. Yau kan ƙugiyar gini za mu zauna, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, wannan doguwar da alhazanmu suke gani tsaye a Makka.

Wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a lambunan bakin Gulbin Maradi ya riga ya san rabin darasin: guga a gaba, curin laka a baya, gwafa a tsakiya. Ƙugiya ma haka take. Dogon hannu a gaba, a baya guntun hannu ɗauke da manyan tubalan kankare, su ke hana kaya rinjayar ta.

To, a buɗe kunne nan. Ba nauyin kaya kaɗai ake dubawa ba, har da nisansa daga ginshiƙi, wato dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiya. Nauyi sau nisa, shi ne lissafin. Mu ce iyakar ƙugiyar ton 8 ce a nisan mita 10, ya ba da 80. Ka tura kayan zuwa mita 40, abin da ya halatta ton 2 ne kacal. Shi ya sa direba yake da takardar lissafi a ɗakinsa, akwai kuma na'urar da ke tsayar da injin in an wuce iyaka. Duk ɗan kwangilar da ya ce a kashe ta don aiki ya yi sauri, ni a wurina bai cancanci riƙe ko buhun siminti ba.

Wani zai ce, Malam, yaya take ƙara tsawo? Ita ke ɗaga kanta. Akwai keji na ƙarfe da ya kewaye ginshiƙin, da jak mai aiki da matsin mai. Jak ya tura kan sama, wuri ya buɗe, ƙugiyar ta ɗauko sabon gaɓa, a zura shi, a ɗaure da manyan kusoshi. Bene na tashi ana ɗaure ta a jikinsa. Ƙafarta kuwa cikin katafaren kankare mai rodi take, domin dogon abu daga ƙasa yake samun ƙarfi. Dogon benen Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, da aka buɗe a 2010, yana zaune kan turaku 192 da suka nutse kusan mita 50.

Sai iska. Kun san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas, kafin ka kwashe shanya ya yaye kwanon rufi. A can sama abin ya fi haka. Iska ta kai wajen kilomita 70 a awa, aiki ya tsaya. In an tashi aiki kuma ba a ɗaure hannun, sakin birkinsa ake yi ya riƙa juyawa yana bin iska, don kada ta buge shi a gefe. Ba mu manta da ranar 11 ga Satumba 2015 ba, da guguwa ta kayar da ƙugiya a Masallacin Harami, fiye da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waccan mai tafiya kan sarƙa ce, amma dogon hannunta a tsaye iska ta same shi.

Mako mai zuwa sai alamun hannu tsakanin direba da mai ba shi umarni daga ƙasa. A huta lafiya.