In wurin ajiyar fakiti ya cika: lacca ga masu gyaran rezo a Garwa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To, madalla. Abu uku na kawo muku: abin da ke faruwa in wurin ajiyar fakiti ya ƙare, abin da ya kamata babbar manhaja ta yi, sai kuma alamomin da za ku duba.

Na farko. Duk abin da ya shigo ta wayar rezo, wato hanyar sadarwar kwamfutoci, guntu-guntu yake zuwa, fakiti-fakiti, kowanne a Ethernet, wato tsarin rezon waya da aka saba, galibi kayan cikinsa ba ya wuce bayit 1500. Dole kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da injin, ya ware masa wuri a RAM, mimorin aikin injin, kafin manhajar da aka aiko wa ta zo ta ɗauka. A babbar manhajar Linux sunan wurin sk_buff, a ta FreeBSD kuma mbuf. Kuma wurin nan yana da iyaka.

Ku saurara da kyau, nan ne zancen yake. Lokacin da fakiti ya iso, kanel ba shi da damar jira. Ba zai ce bari in kwashe wasu kaya zuwa faifai tukuna ba. Ko ya samu wuri nan take, ko bai samu ba. Shi ya sa Linux ke ɓoye ɗan tanadi, wanda ake saitawa da vm.min_free_kbytes. Na biyu, abin da ya kamata ya yi. To in tanadin ma ya ƙare fa? Sai ya jefar da fakitin. Ya jefar! Na ga wasu sun yamutsa fuska, kamar na ce a zubar da tuwo. Zaure ne ya cika da baƙi, sai maigida ya ce wa na gaba ya dawo an jima, ba ya rushe gida saboda baƙo ɗaya. Shi TCP, ƙa'idar da ke kula da isar fakiti tsakanin injuna biyu, da wannan aka gina shi: mai aikawa in bai ji amsa ba zai sake aikowa, kuma zai rage gudu.

Da can ba ya ragewa. A watan Oktoba 1986, layin da ya haɗa ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley a Amurka ya faɗo daga kilobit 32 a daƙiƙa zuwa bit 40. Bit 40, jama'a! Kowa na ta maimaita aike, layi ya toshe. Van Jacobson ne ya fito da gyaran a 1988, wato ɓatan fakiti ya zama saƙo ga mai aikawa cewa ya sassauta.

Saboda haka jefarwa ba laifi ba ce. Zan maimaita, jefarwa ba laifi ba ce. Masifar ita ce injin da ya ƙare ƙarfinsa wajen karɓar fakitin da a ƙarshe zubarwa zai yi, har ba ya iya komai. Saboda wannan Linux ya kawo NAPI, tsarin karɓar fakiti daga katin rezo, yana ɗiba da awo. Kun san yanayin injin da ya maƙale haka ai: fitilu na ƙyaftawa, fanka na juyawa, amma ping, wato ɗan saƙon gwada ko injin na amsawa, shiru. Ka gwada SSH don shiga injin daga nesa, shi ma fakiti ne, shi ma wuri yake nema. Sai ka hau babur cikin ranar Maris ta Garwa, ka je ka jona allo da kibod da hannunka. Wanda ke dariya can, na san ya yi.

Na uku, alamomi, a gurguje. A dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, za ku ga layin da ke cewa TCP ya rasa mimori, a duba tcp_mem, wato saitin iyakar mimorin TCP. Lambobi uku ne a ciki, kuma shafi ake ƙirgawa, ba bayit ba, galibi shafi ɗaya bayit 4096. A FreeBSD, netstat -m zai nuna buƙatun mbuf da aka hana. Sai ethtool -S... na'am, akwai tambaya?

Mai tambaya: Malam, tunda RAM ta yi araha, me zai hana mu faɗaɗa ma'ajiyar kawai?

Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Mu yi lissafi tare. Layinka yana fitar da megabit 1 a daƙiƙa, ka ba shi ma'ajiyar megabayit 1. In ta cika, fakitin ƙarshe zai jira daƙiƙa 8 kafin ya fita. Mutum ɗaya a shagon intanet yana ɗora bidiyon biki, mai kiran ɗan'uwansa a Njamena ta WhatsApp yana ta "alo, alo". Kuma tunda ba a jefar da komai ba, TCP bai san ya rage ba. Jim Gettys ya tono wannan a 2010, sannan a 2012 Kathleen Nichols da Jacobson ɗin nan dai suka fitar da CoDel, mai auna daɗewar fakiti a layi ya jefar da wuri. Ka kunna fq_codel, nau'in CoDel da ke cikin Linux, a na'urarka. Kafin ka taɓa tcp_mem kuma, buga ss -m ka ga wace manhaja ce ta bar fakiti suka taru ba ta ɗauka, don in ita ce, ko ka ninka RAM ɗin sake cika zai yi.